Tafkin Tarjiman da Unguwannin Tsohon Garin Agadas



Da aka ce in rubuta wani abu na tarihi a cikin wannan ɗan littafi na tunawa, abin da ya fara faɗo mini a rai wata kunya ce da na sha a shekarata ta farko a jami'a. Malami ya ce kowa ya tashi ya faɗi garinsu. Da aka zo kaina na ce Anu Araren. Ya ce, "Mene ne ma'anar sunan?" Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Gawayin ƙasa ake haƙowa a can, malam, mu ke ba Arlit da Agadas kuran." Aji ya kwashe da dariya. Wata ɗaliba ƴar Timiya ce ta juyo ta ce mini a hankali, "Anu ai rijiya ce a Tamajak."

Wallahi tun ina lakwal nake cika takardu da sunan nan yadda Faransawa suka rubuta shi, ban taɓa tsayawa na saurare shi ba. Ashe kafin a zo da injin haƙa ko a kafa turken wuta ko ɗaya, makiyaya sun san wurin, sun shayar da dabbobinsu a nan, sun raɗa masa suna da ruwan da suka samu. Tun daga ranar na shiga bin sunaye. Abin da na tsinto nake so in raba da ku.

Garuruwanmu ƴan jiya ne

Ku dubi shekarun da kanku. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tashi a gefensa, yuraniyom na farko ya fito a 1971. An kafa COMINAK a 1974, aka gina Akokan, aiki ya kankama a 1978. SONICHAR tamu ta nan an kafa ta a 1975, tashar wutar ta fara aiki a 1981. Ke nan da yawa daga cikin iyayenmu sun girmi garin da suka haife mu a ciki. Wanda ya tashi a gidajen ma'aikata ya fi sanin lambar gida da harafin layi bisa ga sunan unguwa. Ba laifinmu ba ne, haka muka tarar.

To, in muna son mu ga yadda suna ke tsufa tare da gari har ya zama shaida, ba sai mun yi nisa ba. Mu gangara Agadas, mu shiga tsohon gari, inda kakannin wasunmu suka fito.

Yadda zango ya zama birni

Sarautar Abzin ta fara ne wajen 1405, sarki na farko shi ne Yunus. Labarin da ake bayarwa a gida shi ne ƙabilun Abzinawa sun gaji da rikici a tsakaninsu, suka aika har Istambul neman wanda zai raba gardama. Masana tarihi irin su Farfesa Djibo Hamani, wanda ya yi babban littafi a kan sarautar a 1989, sun fi ganin asalin gidan daga nan cikin Sahara yake. Amma kowa ya yarda a kan abu guda: sarkin mai sulhu ne aka nema, wanda ba ya cikin kowace ƙabila. Sarakunan farko sun zauna a wurare dabam-dabam, har wajen tsakiyar ƙarni na 15 Sarki Ilisawan ya kafa fada a Agadas. Shi kansa sunan garin, yawanci ana danganta shi da kalmar Tamajak mai nufin ziyara, wato wurin da ake zuwa a gana.

Kowace ƙungiya da ta zo ta yi zango a gefenta. Da zama ya yi zama, bukka da tanti suka koma ɗakin laka, amma iyakokin zangon ba su gushe ba. Shi ya sa lungunan tsohon gari suke a karkace, ba kamar layukan Arlit da aka ja da igiya ba. Wannan na cikin dalilan da UNESCO ta bayar a 2013 lokacin da ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Unguwanninsa goma sha ɗaya ne: Katanga, Amarewat, Amdit, Imurdan Magas, Imurdan Nafala, Akanfaya, Unguwar Bayi, Agargarin Saka, Fune Ime, Obitara da Hugubere. Ku karanta su da ƙarfi. Za ku ji bakinku yana sauya harshe ba ku shirya ba.

Ramin da ya gina gari

Agadas ba ta bakin kogi mai gudu rani da damina. Telwa kwanaki kaɗan yake kawo ruwa a shekara, sai ya koma yashi. Amma duk garin da aka gina da laka, rami ne ya haife shi. Magini zai haƙi ƙasa kusa da inda zai yi gini, ya kwaɓa, ya yi tubali. Gida ya tashi sama, rami ya yi ƙasa. Damina ta zo, ruwan lunguna ya gangaro ya taru a ciki, sai ga tafki a tsakiyar gari. A nan ake wanki, a nan dabbobi ke sha, daga nan ake ɗiban ruwan yaɓe idan bango ya zaizaye. Ruwan sha kuwa sai rijiya.

A watan Oktoba na 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Agadas ya yi kusan mako uku. Yana jin Hausa, yana yawo da alƙalami. Har yau ana nuna gidan da ya sauka. Ya tarar da gari ya ragu ƙwarai, kangaye ko'ina, ya ƙiyasta mutanen da suka rage ba su wuce 7,000 ba. Ya zana taswirar garin, ya sa masallaci da fada da kasuwanni, ya kuma sa tafkunan cikin gari. Daga cikin sunayen da ya rubuta akwai Digi, akwai Masrata, akwai Tarjiman.

Masrata suna ne na wani gari a bakin teku a ƙasar Libiya. Barth ya ji daga bakin mutanen Agadas cewa fatake daga arewa, mutanen Gadamas da Tuwat da Aujila da Masrata, suna cikin waɗanda suka kafa garin. Lokacin da ya zo, yawancin manyan gidajen kasuwancin nan sun watse. Masu gidan sun tafi, gidan ya rushe, amma wurin ya riƙe sunansu.

Tarjiman kuwa, wanda sunan tafki ne kuma sunan gefen garin da ke bakinsa, kalmar Larabci ce: tarjuman, wato tafinta. Daga tushenta muka samu "tarjama". A nan nake so mu ɗan tsaya.

Me ya sa gari zai ba tafintoci unguwa?

Ku kwatanta kasuwar Agadas a ƙarni na 16. Ga Balaraben Gadamas da kayan da suka ƙetaro Sahara. Ga Ba'abzine da ya dawo daga Bilma da Fashi da gishiri da dabino a bayan raƙuma. Ga Bakatsine ko Bakano da baƙin rini da fatu. Ga gero daga kudu, wanda in babu shi ba mai kwana a Abzin. Ga Babarbare, ga mutumin Gawo. Wannan ba ya jin wancan, kuma dukiya ce mai yawa a tsakani. Wanda ya tsaya a tsakiya ya juya magana, a bakinsa ciniki ke ƙulluwa ko ya warware. In ya ƙara kalma ɗaya, wani ya yi asarar raƙumi. In ya rage ɗaya, a kwana ana shari'a gaban alƙali. Aikin amana ne tsantsa.

Dukiyar da ta ratsa garin ba ƙarama ba ce. Hasan al-Wazzan, wanda Turai ta sani da Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Agadas na biyan sarkin Songai harajin dukat 150,000 a shekara. Fada ma tana da jami'i na musamman mai kula da baƙin fatake, Sarkin Turawa. Ku lura fa, a wancan zamani "Turawa" Larabawan arewa ake nufi. Sai daga baya kalmar ta koma kan mutanen Turai. Kun ga ita ma kalma tana yin ƙaura kamar mutum.

Yanzu ku dubi kanku. Hausa a gida, Tamajak da maƙwabta, Faransanci a lakwal, Larabci a makarantar allo. Wane ne a cikinmu bai taɓa raka kakarsa asibiti ya tsaya tsakaninta da likita ba? Wane ne ba a taɓa miƙo masa takardar kamfani aka ce, "Karanta mana, me suka ce?" ba? Ashe sana'ar da muke yi kullum ba tare da mun ba ta suna ba, kakanninmu sun ɗauke ta da girman da har suka kira wani yanki na garinsu da ita. Ni dai tun da na san haka, na daina gaggawa in ana so in juya wa tsoho magana.

Harshen da ya mutu ya bar sawu

Koma kan jerin unguwannin nan. Katanga Hausa ce, kowa ya gane. Agargarin Saka daga Tamajak ya fito, filin da ake durƙusar da raƙuma, kuma Barth ma ya sa shi a taswirarsa. To Hugubere fa? Fune Ime fa? In kuna da aboki Bazabarme ku karanta masa, za ku ga ya ɗaga kai. A harsunan Songai "hugu" gida ne, "beri" babba: babban gida. "Fune" rami ne ko kafa, "me" baki: bakin rami.

Dalili shi ne mutanen Agadas sun daɗe suna magana da wani harshe na dangin Songai, ana ce masa Emgedesi. Barth ya tarar ana yin sa har ya rubuta kalmominsa. Shi a ganinsa rundunar Askiya Muhammadu ce ta kawo shi lokacin da ta ci garin a 1515. Masana na baya sun fi karkata ga cewa harshen ya riga Askiya zama a yankin, domin ɗan'uwansa Tasawak har gobe ana yin sa a Ingal da Tegidda-n-Tesemt. Ko ma yaya ne, Hausa ta zo ta maye gurbinsa, yau babu mai yin Emgedesi a Agadas. Amma duk ɗan kabu-kabun da aka ce masa "kai ni Hugubere", ya ji harshen da kakannin garin suka yi ciniki da shi, bai sani ba.

Laka ɗaya, masallaci ɗaya

Irin ƙasar da aka gina gidajen fatake da ita, da ita aka gina hasumiyar da muke alfahari da ita. Ana danganta ginin Babban Masallaci ga Shehu Zakariyya, wajen 1515, aka sake ɗaga hasumiyar a 1844. Tsawonta mita 27, laka ce da itace. Itatuwan da kuke gani sun fito a jikinta, su ne matakan magina idan za a yi yaɓe. Ginin laka ba ya rayuwa sai da hannun mutane. Shekarar da aka daina shafa masa ƙasa, shekarar ya fara mutuwa.

Kuma hanyar da ta kawo gishiri ita ta kawo littafi. Shehu Magili ya ratso Abzin a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano da Katsina. Imam Suyuɗi daga Misra ya aiko wa sarkin Agadas da sarkin Katsina wasiƙar nasiha. Bayan shekaru kusan ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya biyo malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman ilimi. Wannan silsila ta sha mummunan sara a 1917. Bayan Kawsan da Sarki Tagama sun tsare sojan Faransa a barikinsu tun Disamba 1916, rundunar da ta zo ceto a watan Maris ta huce a kan mutanen gari, aka kashe malamai da yawa. Wanda ya kashe malami ya ƙone ɗakin littattafai. Abin da ke cikin kawunansu na tarihin unguwanni da gidaje ya tafi tare da su. Shi ya sa ɗan abin da ya rage a cikin sunaye yake da tsada.

Sunan da ba shi da daɗin faɗi

Ba zan tsallake Unguwar Bayi ba. Na san akwai masu jin nauyin sunan, har su so a ce babu shi. Amma gaskiya ita ce ayarin da ya ɗauki gishiri da tufafi ya ɗauki mutane ma, an sayar da su, an raba su da iyayensu. Hannayen da suka haƙi ramukan nan, suka ɗauki laka a ka, suka jawo guga, da yawansu ba da son ransu suka yi ba. Littattafan sarauta sun riƙe sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa waɗannan, sunan unguwar ne kaɗai ya shaida sun zauna a garin. In aka goge shi, an goge su sau biyu ke nan. Abin da ya kamace mu shi ne mu san tarihin, kuma kada bakin ɗayanmu ya taɓa goranta wa wani asali. Duk mai yin haka bai fahimci sahun da yake tsayawa a ciki ranar Juma'a ba.

Har Kano an san mu

Wannan ɗabi'a ta suna ba ta Agadas kaɗai ba ce. A cikin birnin Kano akwai Jakara, ruwan da tsofaffin labaran garin suka ce kurmi ne ya kewaye shi. Kurmin ya tafi tuntuni, amma kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a gefensa a ƙarni na 15 har yau Kasuwar Kurmi ake ce mata. Kuma a cikin ganuwar akwai unguwa mai suna Agadasawa. Yadda mutanen Masrata suka bar sunansu a Agadas, haka mutanen Agadas suka bar nasu a Kano.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce, to duk wannan ina ruwan ɗan Anu Araren da shi? Ga ruwansa.

Yamma da mu akwai kufai a Azelik, wanda yawancin masana suka ce shi ne Takadda. Ibn Battuta ya sauka a can a 1353, ya ga ana narka tagulla ana yin ƴan sanduna da ake ciniki da su, ana kai su har Gobir da Barno. Garin ma'adini ne kamar namu, mai arziki, mai alƙali da malamai. Tagulla ta ja baya, hanyar fatake ta koma Agadas, gari ya mutu. Abin da ya rage sai duwatsu da kaburbura da sunan Tegidda a bakin makiyaya. Abin mamaki, a wannan Azelik ɗin ne Faransawa masu neman tagulla suka fara cin karo da yuraniyom a 1957.

Mu ma mun ga irin haka da idonmu. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Kowa a nan ya san wani gida da ya ɗaure kaya daga Akokan ya koma Tawa ko Maraɗi ko Damagaram. Ma'adini yana ƙarewa, ƴan'uwa. Ba fata nake ba, lissafi ne. Ranar da aka kashe injin, lambar gida ba za ta gaya wa kowa komai ba. Amma ku dubi Bukkoki a Arlit. Ba injiniya ne ya raɗa wannan suna ba. Mutanen da suka zo neman aiki ba su samu gidan kamfani ba, suka kafa bukkoki a gefe, su ne suka bar mana shi. Ko an mai da wurin bene, sunan zai ci gaba da faɗin yadda aka fara. Tarjiman ɗinmu ke nan, yana tsufa a gabanmu.

Sanin sunan wuri ma yana iya tsare rai. A farkon Satumba 2009 Telwa ya fasa madatsa cikin dare ya shiga Agadas, gidaje masu yawa suka zube. Kakata takan ce ruwa ba ya manta hanyarsa, ko ya shekara arba'in bai bi ta ba. Wurin da tsofaffi ke kira da sunan tafki ko kwari ko rijiya, suna gaya maka abin da ke zuwa can ne idan sama ta buɗe. Kafin ka sayi fili, tambayi sunansa na da.

Aikin da nake roƙon mu yi

Waiwaye adon tafiya, amma ba a tsayawa a nan. Kusan kowannenmu na da salula mai ɗaukar murya. Ina roƙon kowane ɗan ƙungiya, kafin taronmu na baɗi, ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya: tsohon ma'aikacin rami, ko mai gadin da ya ga zuwan motocin farko, ko makiyayin da ya san wurin nan tun babu waya ko ɗaya a sama. Ku tafi da ɗan shayi da sukari. Ku gaisa sosai, ku nemi izini kafin ku danna. Sannan ku yi tambaya uku: Baba, yaya ake kiran wurin nan da? Wa ya sa masa sunan, da wane harshe? Ina kuke samun ruwa?

Ku rubuta sunan yadda ya fito daga bakinsa, ba yadda yake a allon bakin hanya ba. In Tamajak ne ku bar shi a Tamajak, ku sa ma'anar a gefe. In tsofaffi biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓa musu. Ƴan'uwa mata, ku ne za ku shiga inda mu maza ba ma shiga, kuma tsofaffin mata sun fi kowa sanin rijiyoyi, don su suka sha jan guga. A tara komai wurin sakataren ƙungiya.

Na gaya muku ma'anar rabin sunan garinmu. Ɗaya rabin na bar muku shi da gangan, ya zama tambayarku ta farko. Matambayi ba ya ɓata. Kuma in wata rana wani malami ya tsayar da ɗayanku a gaban aji ya ce mene ne ma'anar sunan garinku, ina fata ba zai fara da gawayi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, na fada da na bakin tafki, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.